Yaya Asabe da Tatsuniyar Zabuwa

Tun da na yi wayo na san ina da yaya mace, amma sai da na isa shiga makaranta muka fara kwana ɗaki ɗaya da ita. Sunanta Asabe. Ita ce 'yar fari a gidanmu, kuma tun da aka yaye ta aka kai ta Tirwun wajen Kaka, mahaifiyar Baba. A can ta iya magana, a can ta koyi tsinkar rama da korar awaki daga shanya. Mu ƙannenta kuwa a cikin garin Bauchi muka taso, a gidan haya, don Baba akawu ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun da aka buɗe bayan garin ya zama hedikwatar jiha.

Da kakanmu namiji ya rasu, Baba ya ce ba zai bar tsohuwa ita kaɗai a ƙauye ba. Aka kwaso su a bayan a-kori-kura, Kaka da Yaya Asabe da tukwane da turmi. Ina tsaye a ƙofar gida na ga an sauko da wata doguwar yarinya mai faɗin goshi, tana riƙe da gefen zanen Kaka, suna magana da wani harshe da ban taɓa jin an yi shi da ƙarfi ba. Geranci ne, yaren su Baba. Na san yana jinsa, amma a gidanmu ba ya yinsa sai in baƙo ya zo daga ƙauye, shi ma a zaure, murya ƙasa-ƙasa.

Da zuwan Kaka gidan ya sami wani abin da ba shi da shi a da. In Inna ta sauke tuwo bayan magariba, Kaka ba ta bari a kashe wuta. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno gaban murhu, ta tona garwashi da tsinke, ta jera masara ɗanya a kai in damina ce, in kuwa lokacin girbi ne sai gyaɗa ko dankali. Yaran gidan hayar duk mu kewaye ta, har da Ngozi, 'yar maƙwabtanmu masu shagon atamfa a kasuwar Muda Lawal. Har yau in na ji ƙamshin masara tana ƙonewa kaɗan ta gefe ɗaya, fuskar Kaka nake gani, rabi ja saboda wuta, rabi a duhu.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda muka saba ji. Cewa take yi, "Ga wata can ta taso daga bayan dutse." Mu kuma mu amsa, "Ta sauko mu ji ta." Hausarta irin ta tsofaffin ƙauyukan gefen gari ce, ba ruwanta da raba mace da namiji. A bakinta kura "ya ce", amarya ma "ya ce". Tsuntsu kuwa "sunsu" ne. Mu ba mu taɓa jin wani abu ba daidai ba a ciki, haka dai Kaka take magana. In tatsuniya ta kai wajen waƙa, sai ta juya ta koma Geranci, kuma mutum ɗaya ne kawai ya san amshin. Yaya Asabe za ta ɗaga kai ta karɓa da wata siririyar murya, Kaka na bayarwa tana amsawa, mu kuma mu yi ta tafi ba tare da mun san abin da ake cewa ba. A wannan wurin, gaban murhu, babu wanda ya kai Yaya Asabe daraja.

Amma daga ta tashi daga gaban murhun, sai abin ya zama wani iri. Inna tana yi mata kunyar 'yar fari, ba ta kama sunanta, ba ta zama kusa da ita. "Ku ce wa waccan ta zo ta ɗauki tuwonta." "Ina waccan ta ajiye tsintsiya?" Al'ada ce, kowa ya sani, kuma na tabbata Inna tana sonta. Sai dai ba wanda ya zaunar da yarinyar ya faɗa mata haka. Tana ganin Inna ta ɗora ni a cinya tana yi mini kitso tana kiran sunana, ita kuwa sai dai Kaka ta yi mata. Wata rana ta tambaye ni muna wanke-wanke, "Hajara, me na yi wa Inna ne?" Na ce ban sani ba, don da gaske ban sani ba.

Aka sa mu makarantar firamare tare. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma da yake ba ta taɓa shiga aji ba, aka haɗa mu aji ɗaya. Saboda tsawonta aka kai ta bencin ƙarshe, jikin bango, inda allo ba ya ganuwa sosai. Ba mu daɗe da farawa ba, wata safiya hedimasta ya leƙo ajin ya tarar ba kowa a gaba, ya tambaya ina malamarmu. Duk muka yi tsit don tsoro. Yaya Asabe ce ta miƙe, ta harɗe hannu a ƙirji yadda aka koya mana, ta ce, "Malama ya zo, ya fita."

Ajin ya fashe da dariya. Hedimasta ma ya murmusa, ya ce, "Malama ya zo? To, madalla." Kafin a tashi tara sunan ya zagaye makaranta. Yazo. Ba ita kaɗai ce mai irin wannan Hausar ba, a Bauchi muke, amma ita ce babba a cikin ƙanana, ita ce ta miƙe ta faɗa a gaban kowa. In ta ɗaga hannu za ta ba da amsa, tun kafin ta buɗe baki an fara ƙunshe dariya. Sannu a hankali ta daina ɗagawa. Lissafi kuwa ta fi mu duka iyawa, ni shaida ce, don ita take koya mini a gida da ƙwallayen dabino.

Da shekara ta zo ƙarshe, malamin Hausa na makarantar ya rubuta wasan kwaikwayo da za a nuna wa iyaye. Labarin wata tsohuwa 'yar ƙauye ce da ta zo asibiti, aka ba ta maganin shafawa ta shanye, aka ce ta hau sikeli ta kwanta a kai. Ya zagaya azuzuwa yana neman wadda za ta fito a tsohuwar, ya tsaya a kan Yaya Asabe.

"Ke ba sai kin sha wahalar hadda ba," in ji shi. "Yi maganarki kawai yadda kika saba."

Ban taɓa ganinta cikin murna irin ta ranar ba. Da gudu ta shiga gida. Karon farko ke nan da wani malami ya zaɓe ta don wani abu ba sharar aji ba. Kaka ta buɗe adudunta ta fito da zanenta na saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda ba ta ɗaurawa sai da salla, ta ce da shi za a yi wasan. Suka yi kwana da kwanaki suna gwaji a gaban murhu, Kaka na nuna mata yadda tsohuwa take dafa gwiwa in za ta tashi.

Ranar wasan aka jera bencina a filin makaranta. Baba ya zo da abokan aikinsa, suka zauna a gaba, ni kuma ina zaune a ƙasa dab da ƙafafunsu tare da sauran yara. Kaka tana can gefe cikin mata, ta ci ado da ɗaya zanen saƙin nata. Yaya Asabe ta fito dandamali da sanda, ta yi sallama, ta ce, "Likita, cikina ne yana ciwo, jikana ya kawo ni."

Dariya ta tashi. Da farko ta ji daɗi, na ga haka a fuskarta. Amma da wasan ya ci gaba sai ta lura ba wajen shan maganin kaɗai ake dariya ba. Ko ruwa ta roƙa, dariya. Ko gaisuwa ta yi, dariya. Ba abin da tsohuwar take yi ake wa dariya ba, bakinta ake wa. Wasu mata suka fara zunɗen Kaka, suna nuna zanenta da na kan dandamali. Muryar Yaya Asabe ta yi ƙasa, malamin yana daga bayan labule yana cewa, "Ɗaga murya, Yazo!" Sai jama'a suka ji sunan, suka ƙara fashewa.

Ɗaya daga cikin abokan Baba ya share hawayen dariya da hankici, ya juyo ya ce, "Kai, wannan yarinya ta iya! Daga wane dutsen aka sauko da ita? 'Yar wa ce?"

Baba ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.

Da muka koma gida, bai ko cire hula ba ya tsaya a tsakar gida ya ce daga yau ba ya son ya ƙara jin yare a bakin yaro a gidan nan. Kaka tana zaune a bakin ƙofarta. Ta yi masa magana da Geranci, ya amsa da Hausa.

"Iya, ki yi haƙuri. Ni na san abin da na sha kafin in sami kujerar da nake kai. Ba na son ta sha irinsa."

"Da wannan bakin na yi maka waƙa kana goye a bayana," in ji Kaka. "Bai hana ka zama mutum ba."

"Zamani ne ya canja, Iya."

Ya shige ɗaki. Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, na ga ta goge ido da gefen zane, amma ba ta ɗago ta dubi 'yarta ba. Yaya Asabe ta ninke zanen saƙin ta ajiye a kan gadon Kaka, ta zauna a bayan randa.

Mun ɗauka ba za a yi tatsuniya ba ranar. Amma da aka sauke tuwo sai Kaka ta jawo kujerarta kamar kullum. Ba ta gasa komai ba. Ta kira Yaya Asabe har sai da ta fito ta zauna nesa kaɗan, inda hasken wutar yake ƙarewa. Sannan Kaka ta ce ga wata can ta taso daga bayan dutse, muka ce ta sauko.

Wai wata mata ce ta tsinci ƙwan zabuwa a gona, ta kawo gida ta sa wa kazarta mai kwanci. Da aka ƙyanƙyashe, 'yan tsaki suka fito farare tas, ɗaya ta fito da zane ɗigo-ɗigo. Kazar tana ba ta tsaba kamar kowa, amma in za ta tara 'ya'yanta ƙarƙashin fiffike, ita ce kullum a bakin-baki, inda ruwa yake taɓawa. Zakaran gidan, wanda yake koya wa 'yan tsaki tono, a ƙarshen layi yake ajiye ta. In kaji sun ƙoshi suna son nishaɗi, sai su kira ta su ce, "Zo ki yi mana kukan nan naki." Ta yi, su yi ta birgima a ƙasa.

Ran nan sai ta ji labarin wata tsohuwa a bakin rafi mai wanke wa tsuntsaye jiki. Ta tafi ta same ta, ta ce a wanke mata zanen nan. A nan Kaka ta sauya murya, ta mai da ita ta tsohuwar rafi, a shaƙe. "Zan wanke, 'yar nan. Amma ka sani muryarka a cikin zanen nan yake. Kowane ɗigo ya bi ruwa, da kuka ɗaya zai tafi." Zabuwa ta ce ta yarda. Aka yi ta cuɗa ta da sabulun salo har ta fito fara fat. Ta koma gida, kaji suka matsa mata wuri a bakin kasko, amma ba su daina kiranta da tsohon sunan da suka sa mata ba.

Ana nan sai wata shekara garken zabi suka sauka a kan tsamiyar bayan gida, suna neman ƙwansu da ya ɓata tun tuni. Suna waƙa suna kira, duk wanda yake nasu ya amsa. Kaka ta ɗaga waƙar da Geranci, ta kai inda ake karɓa, ta dakata. Wuta tana ƙara kaɗan-kaɗan. Duk muka juya muka kalli Yaya Asabe. Kanta yana kan gwiwoyinta. Kaka ta sake bayarwa, ta sake jira, sannan ta ci gaba ita kaɗai.

"Zabuwa ya zo gindin samiya da gudu, ya buɗe baki, sai kukan kaza ya fito. Zabi suka leƙo suka ce, a'a, wannan ba namu ba ne. Suka tashi." Ta tura toka a kan garwashi da tsinkenta. "Iyakarta ke nan, wuta ma ya gaji."

Ba wanda ya yi tafi. Ngozi ta ce ita ba ta son wannan, a yi wata. Sai muka ji muryar Yaya Asabe daga cikin duhu, da Hausa, kuma ban taɓa jin ta yi wa Kaka Hausa ba sai ranar.

"Kaka, rafin nan a ina yake?"

Kaka ta amsa mata da yare, magana mai tsawo, a hankali. Yaya Asabe ta jira ta gama, ta sake cewa, "A ina yake?"

Daga ranar ta shiga gyaran bakinta kamar mai gyaran gona. In ana labarai a rediyon Baba sai ta tsaya a bayan taga tana maimaitawa. Ta sa ni in riƙa tsayar da ita duk inda ta ce "ya" a wurin "ta". Na sha ganinta a bayan gida ita kaɗai tana faɗin tsuntsu, tsamiya, ƙasa, ƙarfe, har sai sun zauna. Kafin mu gama firamare babu mai Hausarta a makarantar. Malamin da ya rubuta wasan nan da kansa ya riƙa tura ta gasar karatu, yana cewa a gaban aji, "Ku dubi Yazo, da yadda ta zo da yadda ta koma." Sunan dai bai fita ba sai da ta tafi makarantar kwana.

Kaka ta ci gaba da tatsuniya, amma ta daina sa waƙa. In ta zo wurin sai ta ce, "A nan sai suka yi waƙa," ta wuce. In ta yi wa Yaya Asabe yare, da Hausa take samun amsa, cikin ladabi, har da rusunawa. Daga baya ita ma ta haƙura ta koma yi mata Hausa.

Yaya Asabe tana kwalejin horon malamai lokacin da ɓarin jikin Kaka ya shanye. Ciwon ya tafi da Hausarta gaba ɗaya, ya bar mata Geranci kaɗai. Baba ne ya koma mai fassara mana, shi da ya hana. Kullum sunan Asabe take kira, har aka aika ta zo. Ta shigo da fararen kayan makaranta ta durƙusa a gaban gadon. Kaka ta kama hannunta da hannun da yake motsi, ta yi ta magana, sannan ta ɗaga wata waƙa da rabin baki, ta dakata.

"Amsa mata, Asabe," in ji Baba. "Don Allah amsa mata. Na janye abin da na ce."

Na ga leɓɓanta suna motsi. Sannan ta ce, "Sannu, Kaka. Allah ya ba ki lafiya."

Kaka ta dube ta, ta saki hannun, ta juya wajen Baba ta yi wata gajeriyar tambaya. Baba ya tashi ya fita. Sai bayan ta rasu an yi sadakar uku na matsa masa ya gaya mini abin da ta ce. Cewa ta yi, wannan baƙuwar kirki ce, a ba ta ruwa, amma yaushe Asabe za ta iso?

Na tambayi Yaya Asabe sau ɗaya ko mantawa ta yi. Muna tsakar gida muna tsince shinkafar sadaka. Ta ce, "Ban manta ko kalma ɗaya ba, Hajara. Duk abin da ta faɗa na ji, har tambayar da ta yi wa Baba. Ina buɗe baki sai in ji filin makarantar nan yana jira." Ba mu sake tayar da zancen ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi ga zabuwa, kada ta raina zanenta. Ina jin Kaka ma haka ta nufa. Sai da na girma na haifi nawa na fara ganin nauyin da aka ɗora wa ƙaramar tsuntsuwa. A cikin labarin ba wanda ya ce wa kaza ta matso da ita tsakiyar fiffike, ba wanda ya ce wa zakara ya dawo da ita gaban layi. Ita kaɗai aka bar wa zaɓi, ko ta jure dariya ko ta rasa murya. A rana ɗaya aka ba yarinya labari biyu a kan ko ita wace ce. Ɗaya an yi shi a kan dandamali a gaban gari, mahaifinta yana zaune bai ce tasa ce ba. Ɗayan tsohuwa ce ta faɗa a gaban murhu, yara ƙalilan suna ji. Ban ga laifinta ba da ta gaskata na farkon. Malamin wasan nan ma na tabbata har ya bar duniya yana ganin alheri ya yi mata.

Yanzu Yaya Asabe shugabar makaranta ce a Kaduna, ana yabonta, ba ta yarda a yi wa yaro dariya a makarantarta. Tirwun kuwa gari ya kusa haɗiye ta, gonar su Kaka duk gidajen bulo ne. Kwanakin baya autar Yaya Asabe ta kira ni a waya. Wai za a yi ranar al'adu a makarantarsu, an ce kowane yaro ya sa kayan ƙabilarsu ya tsaya a layin yarensu, ya yi gaisuwa da shi.

"Anti Hajara, na tambayi Mama mu wane yare ne, ta ce mu ba mu da yare, wai in bar damunta. Ke kin sani?"

Na ce mata mu Gerawa ne, daga nan gefen Bauchi. Ta yi murna, ta ce in faɗa mata yadda ake cewa ina kwana, za ta rubuta. Na riƙe wayar ina lalube a kaina. Baba ya rasu, Inna ba ta taɓa iyawa ba, ni kuwa tafi kawai na yi. Mutum ɗaya ce ta rage mana da ta sani, tana nan a ɗakin da yake kusa da na yarinyar.

"Anti, kina ji na?" in ji ta. "In ban iya gaisuwar ba, ba za su bar ni in tsaya a layin ba."